Takalmin Birkin da Ba Ya Kuka

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina a Durba, kuma na san kun sani. Tun kuna ƙanana kuke dawowa daga rijiya da fuska a kumbure, in tambaye ku wa ya taɓa ku, ku ce ba kowa. Ai ni ba yarinya ba ce. An ce uwarku ta san motar Babanku za ta faɗi, shi ya sa ta sauke nata 'ya'yan ta bar na mutane. Masu 'yar kunya suka tsaya a nan, marasa kunyar kuwa suka ƙarasa, suka ce mayya ce. Shekara da shekaru ina jin wannan ban tanka ba, don in na buɗe baki sai na taɓa kakarku Inna, ita kuma tana raye, a ɗakina take cin tuwo. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama. To bari in faɗa muku yadda aka yi, daga nan kowa ya riƙe abin da ya ga dama.

Motar nan farar a-kori-kura ce, ta hannu. Da masarar Babanku da bijiman da na gada a wurin mahaifina aka haɗa aka sayo ta, don haka ina da bakin magana a kanta, ko da yake ba kullum ake tuna hakan ba. Ita ke kwasar buhunan mutanen Durba zuwa Kibiya da kasuwar Rano, ita ke kawo taki, ita ke kai jeren amare, in wani ya kwanta ciwo ita ake shimfiɗa wa katifa a baya. Ni kuwa na san muryarta fiye da yadda na san ta wasu dangina. Tun tana bayan gari nake gane ta, in ɗora ruwan wanka, kafin ta tsaya a ƙofar gida ruwan ya yi ɗumi.

A shekarar da nake ba ku labari, Hanne ta zo goyon ciki. Ƙanwar Babanku ce, autar Inna, tana aure a Madachi. Kai Abba za ka iya tuna ta, ita ce take soya maka gyaɗa a kasko tana ce maka mijinta. Ke Binta ba na jin kin riƙe fuskarta. Yarinya ce mai sanyi, in Inna ta ce mata zauna, ko a kan ƙaya ne sai ta zauna. Naƙuda ta kama ta da safe, ta wuni, ta kwana, ta sake wuni. Inna irin matan da ne, a wurinta babu abin kunya kamar a ji muryar mace tana kan gwiwa. Duk sanda ciwo ya murɗa Hanne ta buɗe baki, sai in ji Inna ƙasa-ƙasa:

"Cije, Hanne. Yi shiru. Mu a gidan nan ba a jin mu."

Ta kuwa cije. Ko tari ba wanda ya ji. Maza suna zaure suna hira, a zatonsu lafiya ƙalau, tun da ba ihu ba salati. Ni ma ba a bar ni na shiga ba sai da aka nemi ruwan zafi. Da na ɗaga labule na ga leɓunanta sun yi fari, ta cije gefen zani har ya huje, tabarmar kuma ta jiƙe, ban san sanda na yar da kwanon na fita zaure ba ko mayafi. Na ce wa Babanku ya tada mota yanzu-yanzu. Inna ta biyo ni tana faɗa, wai na tona musu asiri a gaban maza. Oho, ni dai na ɗauko katifa.

Da la'asar muka kama hanyar Rano. Ni da Inna muna baya, kan Hanne yana kan cinyata, hannunta a cikin nawa. Kun san gangaren nan bayan an wuce Kibiya, wanda yake sauka kan 'yar gada, ga dutse ta hannun dama, ga fadamar shinkafa ta hagu. Muna kawowa nan Babanku ya taka birki, sai motar ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Siriri ne, dogo, daga ƙarƙashinmu yake fitowa, irin na macen da ta daɗe tana riƙewa. A cikin kukan nan hannun Hanne ya saki nawa. Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Ba mu buga wa Babanku gilashi ba sai da muka haye gadar, sannan ya juya da mu gida da gawarta da abin da ke cikinta.

Tun daga ranar motar ba ta daina ba. Duk inda ya taka birki sai ta yi, a bakin masallaci, a bakin kasuwa, a ƙofar gida. Yara suka fara gudu in sun hango ta. Wata mata ta fasa ba shi jeren 'yarta, ta ce gara a kai a amalanke. Inna kuwa da ta ji ya doso gida sai ta ture kwanon abinci, ta shige ɗaki ta toshe kunnuwa da ɗankwali. Ta rame har zobenta yana zamewa. Aka kira malami ya yi addu'a, aka yayyafa wa tayoyi rubutu, aka yi mata hayaƙi har kujerun suka ɗauki ƙamshi, duk a banza. Babanku yana ta cewa birki ne kawai, ƙarfe ne yake gugar ƙarfe. Ni ma na yarda birki ne. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, duk sanda na ji sai in ji kamar har yanzu kan Hanne yana kan cinyata.

Da farkon damina ya kira Malam Sabo, bakaniken da yake gyara masa mota a Rano. Ya zo a kan babur da hantsi, ya kwance ƙafar gaba a ƙofar gida, ya ciro tsohon takalmin birki. Ya kuma zo da sababbi iri uku don a zaɓa. Babanku ya kwaso su ya shigo da su tsakar gida ya jera a kan tabarma gaban Inna, shi kuma Malam Sabo ya zauna a zaure yana magana ta bayan katanga. Ni ban taɓa ganin abin ba sai ranar. Ashe ɗan ƙarfe ne bai wuce tafin hannu ba, an manna masa wata baƙar fata mai kauri, ita ce take damƙe faifan taya in an taka. Na tsohon fatar ta cinye saura ƙiris. A gefensa akwai wani ɗan harshen ƙarfe a lanƙwashe, bakinsa ya goge yana ƙyalli.

"Wannan ɗan harshen shi ne mai kukan, Inna," in ji Malam Sabo. "Da gangan aka sa shi. In fatar ta kusa ƙarewa sai ya fara taɓa faifan, ya yi ƙara, don mai mota ya san lokacin canji ya yi."

Na durƙusa na ɗauki sababbin ɗaya bayan ɗaya. Na farko na kamfanin motar ne, mai nauyi, fatarsa da kaushi kamar dutsen niƙa, ga harshensa a gefe. Na biyu ɗan Beljiyam ne, wato an ciro shi daga wata motar a ƙasar waje, an ɗan ci shi amma da sauransa, shi ma da harshe. Na uku sabo ne fil a cikin kwali mai hoto, an shafe bayansa da jan fenti. Da na ɗaga shi sai na ji ba nauyi, na sa farce na karta, farcen ya bar shaida. Na shinshina, warin ƙonanniyar roba yake yi. Ban san mota ba, amma na san tukunya, na kuma san wadda ba ta gasu ba.

"Wanne ne ba ya kuka?" in ji Inna.

"Jan nan ba shi da harshe," Malam Sabo ya amsa. "Har ya ƙare ba za ki ji shi ba. Amma in ta ni ne, na kamfanin ya fi. Mota ce mai ɗaukar kaya, ga gangare a hanyarku. Kuma shi ma ba zai yi ƙara ba sai ya tsufa."

"Amma zai yi."

"Zai yi, in lokacinsa ya yi."

Babanku ya ce to a sa na kamfanin a karye harshen, kowa ya huta. Inna ta girgiza kai. Ta ce abin da aka yi shi da baki, ko an karye yana nan. Ni kuma bakina bai iya zama ba, kun san hali. Na ce:

"Inna, in aka sa wanda ba ya magana, ranar da ya ƙare wa zai gaya mana?"

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ta yi mini a bayan mota. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Ni dai na gaji da jin 'yata a ƙofar gida. Ko ka rufe wa motar nan baki, ko in tattara in bar maka gidan."

Babanku mutum ne da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba. Ya sunkuyar da kai, ya tattara biyun ya mayar zaure, ya ce a sa jan. Da ya dawo ya same ni a madafa ina ta buga tukwane don haushi, ya ce in kwantar da hankalina, shi zai riƙa leƙawa da idonsa. Na ce Allah ya sa. Malam Sabo ya ɗaura, ya wanke hannu, ya ce abin da mai mota ya zaɓa shi ake sawa, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Motar ta yi shiru. Inna ta koma cin abinci, yara suka koma hawa bayanta suna wasa, masu jere suka dawo. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ni kaɗai ce shirun ya dama. Ban san me ya sa ba, har ƙarar injin na daina ji daga bayan gari. Sai in juya daga murhu in ga Babanku tsaye a tsakar gida, ban ji zuwansa ba, ban ji tsayuwarsa ba, ruwan wanka ko ɗorawa ban yi ba. Gabana ya riƙa faɗuwa kamar na ga wanda ba shi ba. In na leƙa waje sai in ga ƙafafun gaba sun yi baƙi ƙirin da wani gari kamar na gawayi, ga warin nan na roba. Da farko yana durƙusawa ya leƙa kamar yadda ya yi alkawari. Da kaka ta kama, aiki ya yi masa yawa, buhu a kan buhu, safe da yamma, leƙen ya zama sai an tuna. In na yi magana ya ce bayan kasuwar nan zai kai wa Malam Sabo, in kasuwar ta wuce ya ce bayan ta gaba.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Rano ce, da hantsi, rana tarwai. An loda masara har ta fi kan motar tsayi, mutane sun hau kan buhuna, ku biyu kuna cikinsu za a kai ku wurin tela a gwada ku ɗinkin salla. Injin a kashe yake, an sa dutse a ƙarƙashin taya, Babanku yana zaure yana shan koko. Ba kowa a gaban motar. Na fito bakin ƙofa in miƙa wa Binta takalminta da ta manta. To a nan na ji. Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba in ban da Babanku, don na san abin da za a ce. Kukan nan ne, siriri, dogo, daga ƙarƙashin motar da take tsaye cak, motar da aka cire wa abin kukan tun farkon damina. Mutanen da ke kan buhuna suna ta hirarsu, ko waiwaye ba wanda ya yi. Na juya na dubi cikin gida. Inna tana bakin ɗakinta tana tsintar wake a faifai. Na ga hannunta ya tsaya a cikin waken, sannan ya ci gaba, ba ta ɗago ba.

Ban san da wane ƙarfi na fizgo ku daga kan buhunan nan ba. Abba, ka yi ta birgima kana kuka, har ka cije ni a hannu, tabon yana nan. Kuma ku ji da kyau, don nan ne masu tsegumi suke tsallakewa: na ɗaga murya na ce wa kowa ya sauko, na ce motar nan kar a hau ta yau. Dariya suka yi. Wani ya ce matar direba ta yi mafarki, wata ta ce in na hana nawa ɗinkin salla ita ba za ta hana nata ba. Babanku ya fito yana goge baki.

"Rabi, lafiya?"

"Malam, don Allah ka sauke kayan nan. Ka kira Malam Sabo ya zo ya duba tukuna."

"Kayan mutane ne, kasuwa kuma ba ta jira. Ina saukewa a Rano zan wuce garejinsa, na yi miki alkawari."

"Na ji ta yi kuka."

Ya dubi motar, ya dubi ƙofar gida inda uwarsa take, sannan ya rage murya.

"Kar Inna ta ji wannan maganar."

Ya shafa kan Binta, ya shiga, ya tada mota. Na tsaya riƙe da ku har ta sha kwana. Ko a kwanar ba ta yi ƙara ba.

Kafin azahar labari ya iso. A gangaren nan ne. Wasu Fulani suna tsallakar da shanu a kan gadar, da matansu da yaransu a baya. Waɗanda suka tsira sun ce ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ko gezau. Ya leƙo ya ce kowa ya riƙe, ya karkatar da ita hagu ta faɗa fadama. Na kan buhuna suka zube cikin taɓo, Allah ya sa taɓon ya tare su, sai ɗan maƙwabcinmu da ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi. Ko saniya ɗaya ba a taɓa ba. Babanku kuwa sitiyari ya daki ƙirjinsa, kafin a kai shi Rano rai ya yi halinsa. Bayan kwanaki Malam Sabo ya zo gaisuwa, ya aiko mini da wani abu a ƙunshe a tsumma. Ƙarfen jan takalmin ne, tsirara. Fatar ta cinye ta yi siriri, zafi ya ɓamɓare ta gaba ɗaya daga jikin ƙarfen.

Ana zaman makoki, ɗaki cike da mata, Inna ta dube ni ta ce:

"Ke da kika sani, me ya sa kika bar mini ɗana ya hau?"

Daga wannan maganar komai ya taso. Ina cikin takaba, ba bakin ramawa, kafin in fita magana ta zaga gari ta dawo da ƙafafu. Aka daina sayen ƙuli-ƙulina. In na shiga gidan suna sai in ga ana juya jarirai ana rufe su da zani. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, na yi kuka har na gaji, kuma wallahi akwai ranakun da ko gaishe da Inna ba na son yi. Amma ba ta da kowa, Hanne ta tafi, Babanku ya tafi. Da zaman Durba ya gagara na kwashe ku na dawo Rano, na taho da ita. Na yi mata wanka, na yi mata wanki, na dama mata kunu, ba ta taɓa janye maganar ba, ni ma ban taɓa tayar da ita ba.

Sai a ciwonta na ƙarshe. Wata safiya na tallafo ta ina ba ta kunu a cokali, sai wata a-kori-kura ta tsaya a bakin layinmu, birkinta ya yi ƙara, irin ƙarar nan. Inna ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, kunun ya zube mana a zani.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Ran nan, da kika sauke yaran. Ni ma na ji ta."

Idonta yana kan ƙofa, ba a kaina ba.

"Ina tsintar wake ta kira. Na san abin da take faɗa. Da na tashi na ce masa kar ya je, da bai je ba, bai taɓa ƙetare maganata ba." Ta numfasa. "Sai na ce, Hanne, yi shiru."

Na goge mata baki, na gyara mata matashi. Ta ce in yafe mata, na ce na yafe, kuma na yafe ɗin, ko da yake sai da na fita bayan ɗaki na zauna a ƙasa na daɗe. Ba ta ƙara sati ba a duniya.

Ban san abin da muka ji ran nan ba, ni da ita. Na tambayi malamai a kaikaice, kowa da abin da ya ce, Allah shi ne masani. Abin da na sani shi ne uwarku ba mayya ba ce. Ji na yi, na kuma faɗa da ƙarfi a gaban kowa.

Abba, kwanakin baya ka shigo da takalmin birkin motarka a leda, kana mitar wai tsohon ya dame ka da ƙara, ka samo wanda ba ya yi. Na karɓa na juya shi ina shafa gefensa da babban yatsa, kana dariya kana cewa yaushe Umma ta zama bakanike. To yanzu ka san abin da nake lalube, kuma ban same shi ba. Ka mayar musu da shi ka karɓo mai harshen. Ranar da ta yi maka kuka, ko kana tsakiyar hanya ne, ka tsaya.